Suna Linzami: Hausawan Gadarif a Takardun Bincike na Turanci

Kowace shekara ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin tauhidi a ƙasarmu sukan shiga wahalar rubuta kundin kammala karatu. Da Turanci ake rubuta shi, fasalinsa kuwa kusan ɗaya ne daga Zariya har Bukuru, wato babi biyar. Na fari gabatarwa, na biyu bitar ayyukan da suka gabata, na uku hanyar gudanar da bincike, na huɗu abin da aka samo, na biyar kuma taƙaitawa da shawarwari. Can wajen ƙarshen babi na fari akwai waɗansu ƙananan sassa biyu waɗanda yawancin ɗalibai sukan bari sai daren da za su miƙa aiki. Ɗaya shi ne ma'anar kalmomi, ɗayan kuwa farfajiyar bincike, wato iyakar wuri da lokaci da mutanen da aikin ya taɓa. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ya kwafo ma'ana uku ko huɗu, sa'an nan ya ƙara da kukan cewa ƙarancin kuɗi da na lokaci sun hana shi yin yadda ya so. Malami mai duba aiki ya sa hannu, a kai a yi wa kundi bango, shi ke nan.

A ganina waɗannan shafuna biyu sun fi sauran kundin duka nauyi, gama a cikinsu ne marubuci yake yanke hukunci a kan mutanen da yake zancensu, tun bai kawo shaida ko ɗaya ba. Domin in nuna haka zan kai mai karatu wani wuri mai nisa da mu, inda ake jin Hausa a kasuwa da gona, inda kuma sunan da aka kira mutum da shi a takarda yake iya raba shi da gonarsa.

Gadarif gari ne a gabashin ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha, shi ne kuma hedkwatar jihar da ake kira da sunansa. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Ana noman dawa da riɗi da ruwan sama, ana kuma ɗiban ƙaro. A tsakiyar shekarun 1940 gwamnatin Turawa ta fara noma da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin, daga nan manyan gonaki suka yi ta yaɗuwa har yankin ya zama rumbun hatsin Sudan. Amma tarakta huɗa da shuka kaɗai take yi. Cire ciyawa da yankan riɗi sai da hannu, saboda haka ba a taɓa daina neman ma'aikata a wurin ba.

Hausawa sun riga tarakta isa wannan yanki. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga Kano ko Katsina yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, ya ƙetare Nilu, ya nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, gama yakan tsaya ya yi ƙwadago ya tara guzuri kafin ya ci gaba. Waɗansu sun isa, waɗansu sun tsaya a hanya sun yi aure sun haihu. A shekarar 1903, da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Gadarif kafin 1930. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo sabon ayari. Jikokinsu da tattaɓa kunnensu suna nan a unguwannin Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara.

An yi rubutu mai yawa da Turanci a kan waɗannan mutane, ya kuma kamata ɗalibinmu ya karanta shi sau biyu: sau ɗaya domin labarin, sau ɗaya domin ya ga yadda aka gina shi.

Bari mu fara da littafin da ya fi suna. C. Bawa Yamba, masanin halayyar al'umma wanda ya yi karatunsa a Suwidin, ya fitar da Permanent Pilgrims a 1995. Ma'anar sunan ita ce maniyyatan da ba su gama tafiya. Ta wajen gini, ban san littafin da ya fi shi dacewa a ba ɗalibi ya koyi tsarin Turanci ba. Tun a farkonsa marubucin ya ajiye tambaya guda a gaban mai karatu: yaya mutanen da aka haife su a Sudan, aka kuma haifi iyayensu a can, har yanzu suke kiran kansu matafiya a hanyar Makka? Daga nan kowane babi yana yi wa wannan tambaya hidima. Irin gidajen da suke ginawa, da dangantakarsu da masu masauki da malamai, da bashin da yake riƙe su, da yadda suke fahimtar nufin Allah game da jinkirin tafiyarsu, duk an kawo su ne domin su amsa ta. Wannan shi ne asirin takardar bincike ta Turanci, ba wani abu ba. Marubuci ya faɗi inda za shi tun a bakin ƙofa, sa'an nan ya ƙi ɗaukar kayan da ba na wannan tafiya ba, kome kyansu. Kundin ɗalibanmu da yawa yana da babi biyar cif, amma in ka tambayi mai shi abu guda da yake so ya tabbatar, sai ya karanta maka sunan kundin.

Shekara goma sha huɗu kafin wannan, a 1981, wani Bature mai suna Mark Duffield ya fitar da littafi a kan garin Mai Wurno. Shi tambayarsa dabam ce. Yana so ya san wa yake da gona, wa yake ƙwadago, wa yake cin riba, da yadda tsarin jari na zamanin mulkin mallaka ya ajiye mutanen yamma a matsayin da ya ajiye su. Ginin nasa ma yana da ƙarfi. To, ga abin lura. Mutanen kusan iri ɗaya ne, tsakanin wuraren binciken biyu kuma ba wata tafiya mai nisa. Amma wanda ya karanta Duffield kaɗai zai ga manoma da 'yan ƙwadago waɗanda addini yake gefen rayuwarsu, wanda kuwa ya karanta Yamba kaɗai zai ga masu ibada waɗanda noma yake gefen tasu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tambayar da kowannensu ya ajiye a shafin farko ita ce ta zaɓa masa abin da zai gani. Tsarin da yake ba takarda ƙarfi shi ne kuma yake rufe mata ido ɗaya, maganin wannan kuwa sai marubuci ya faɗa a fili wane ido ne ya rufe. Aikin farfajiyar bincike ke nan.

Yamba bai ɓoye inda ya yi aikinsa ba. A Wad Madani ne da ƙauyukan Jazira, a shekarun 1980. Jazira ƙasar noman rani ce ta gwamnati, inda aka rarraba filaye ga masu haya, mutanen yamma kuwa galibinsu suka zama 'yan ƙwadago da masu noman raba daidai a gonar wani. Mutumin da ba shi da taƙi ko ɗaya na kansa, ba abin mamaki ba ne ya riƙa ganin zamansa na wucin gadi ne. Gadarif tana gabas da nan da fiye da kilomita 200, labarinta kuma ba ɗaya ba ne. A can mutane sun sare daji, sun kafa ƙauyuka, sun binne kakanninsu. Amma sunan littafin Sudan ya ambata gaba ɗaya, suna kuwa ya fi littafi saurin tafiya. Mai bitar ayyukan da suka gabata yakan ɗauki sunan da tsakuren da yake bayan bango, ya rubuta jimla guda cewa Hausawan Sudan suna ɗaukar kansu baƙi masu wucewa, ya sa sunan Yamba da shekara a baka biyu. Na bayansa ya kwafa daga gare shi. Kafin a jima iyakar da marubucin ya shata da hannunsa ta ɓace, abin da aka gani a waɗansu ƙauyukan Jazira ya zama halin kowane Bahaushe daga Darfur har Bahar Maliya.

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne a ciki? Ai gardamar malamai ce. Ga abin da yake ciki.

Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897. A lissafa a gani. Jama'ar Mai Wurno sun iso ne bayan 1903, yawancin Hausawan da suka zo noman auduga kuwa bayan 1925. Daga baya an sassauta, aka matso da shekarar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1956, duk da haka mutane da yawa masu asalin yamma sun ci gaba da shan wuya wajen samun takardar da Sudaniyawa suke kira jinsiyya. Ga kuma maganar ƙasa. A karkarar Sudan ikon rabon fili yana tafiya da sarautar gargajiya, kabilar da take da sarki mai ƙasa ita ake gani mai wuri, sauran kuwa baƙinta. Dokar 1970 ta mai da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, abin da ya sauƙaƙa a ba masu tarakta dajin da talakawa suke nomawa. A irin wannan hali, ko mutum mazauni ne ko mai wucewa, tambaya ce ta tuwon gobe.

A 2008 wata jaridar Hartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ta nuna Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Gwamnati ta musanta, amma sai da Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu bayan da Hausawan wurin suka nemi a ba su sarautar kansu aka ƙi. An kashe fiye da mutum 100 a wannan wata, aka sāke zubar da jini a watan Oktoba, Hausawa kuma suka yi jerin gwano a Hartum da Kasala da Gadarif da waɗansu garuruwa. Ba na cewa littafin wani malami ne ya jawo wannan. Waɗanda suka ɗauki makami ba su karanta shi ba. Amma ɗan jarida da ma'aikacin agaji da jami'in da aka aiko daga waje, in suna neman su san ko su wane ne Hausawan nan, takardun Turanci suke buɗewa, sau da yawa kuma ba su wuce shafin farko. Magana zarar bunu ce, wadda aka buga a littafi kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Wannan ya kawo mu ga ɗayan shafin, na ma'anar kalmomi. Sunaye aƙalla biyar ake kiran waɗannan mutane da su a rubuce, kowane kuma da kayan da yake ɗauke da su. Akwai Fallata, kalmar da Barebari suke kiran Fulani da ita, wadda a bakin Larabawan Sudan ta zama sunan duk wanda ya fito daga yamma, sau da yawa da raini a ciki. Akwai Takari ko Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal. Mu ma mun san kalmar a nan gida, mun kuma san ba yabo ake yi da ita ba. Takardun Turawan mulki sukan ce 'yan Nijeriya, ko da mutum daga Damagaram ya fito. Malaman jami'a, domin su kauce wa raini, sukan ce mutanen Afirka ta Yamma. Sa'an nan akwai Hausa, sunan da mutum yake kiran kansa. In ka lura, huɗu daga cikin biyar ɗin suna nuna wani wuri ne a bayan iyaka. Tsohon da aka haifi kakansa a bakin Rahad, wanda bai taɓa ganin Kano ba, da ka rubuta shi mutumin Afirka ta Yamma ka riga ka ba shi wata ƙasa, ka kuma karɓe wadda yake tsaye a kai.

Sunayen kuma ba su faɗa a kan mutane ɗaya ba. Takarir na Gallabat, garin da yake kan iyakar Habasha a cikin jihar Gadarif, sun kafa zamansu tun ƙarni na 18, asalin yawancinsu kuwa Darfur ne. Sun riga shekarar 1897 da nisa. Wanda ya zuba su a ƙwarya ɗaya da Bahaushen da ya zo a 1930, da Bafulatani makiyayi, da Babarbare, ya kira su duka Fallata, kome ya faɗa a babi na huɗu zai zama gaskiya a kan waɗansu, ƙarya a kan waɗansu. Ƙamus ba zai fisshe shi ba. Abin da ake bukata a wannan shafi shi ne marubuci ya ce, ga sunan da na zaɓa, ga wanda yake kiransu da shi, ga abin da su suke kiran kansu, ga waɗanda na sa a ciki, ga waɗanda na fitar.

Ta wannan fuska aikin da na fi yabawa shi ne babin da Catherine Miller da Al-Amin Abu-Manga suka rubuta tare a kan jihar Gadarif kanta, a cikin wani littafi a kan ƙasa da kabilanci da iko a gabashin Sudan wanda Miller ta tsara, aka buga a Alƙahira a 2005. Tun daga kan maganarsu sun ambaci jiha guda, sun ce al'ummai, ba al'umma ba, sun kuma ce zancen yadda aka zauna ne da yadda aka shiga cikin mutanen wuri. A ciki sun rarrabe ƙungiyoyin da lokutan zuwansu. Babin ba shi da daɗin karatu irin na Yamba, gama wanda yake rarrabewa dole ya yi ta tsayawa yana cewa ban da wane, ban da wuri kaza. Har wa yau su ma ba su kuɓuta daga laimar Afirka ta Yamma ba. Amma mai karatu yana fita daga ciki da sanin wa ake nufi a kowane shafi, wannan kuwa ya fi daɗin karatu amfani.

Abu-Manga ɗan Sudan ne, shehun malami a Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum. A 1999 ya fitar da Hausa in the Sudan, inda ya bi diddigin yadda Hausar can take sauyawa saboda zama da Larabci. Farfajiyarsa a shate take sarai, harshe ne kawai, shaidarsa kuma kalmomi ne da kowa zai iya gwadawa da kunnensa. Ƙorafina guda ne. Wanda ya sa wa aikinsa suna yadda Hausa take bin Larabci ya riga ya nuna wa kogi inda zai gangara. Alhali kuwa a titunan Sudan ana sayar da wani gasasshen nama mai yaji da kowa yake kira agashe, ɗan'uwan tsirenmu, ba sai an gaya wa Bahaushe daga bakin wa aka ari sunan ba.

Akwai wani rukunin takardu kuma da ba a cika tunawa da su ba in ana zancen Hausawan Gadarif, wato na likitoci. Jihar tana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi tsanani a duniya, wani zazzaɓi ne mai kumbura saifa wanda wani ɗan mitsitsin ƙuda yake yaɗawa. Masu bincike daga Jami'ar Hartum da abokan aikinsu na Turai sun yi shekaru suna gwada ƙauyen Koka na Hausawa da ƙauyen Um Salala na Masalit a yankin Rahad. A Darawish, ƙauyen Fulani kusa da garin Gadarif, an bi zazzaɓin cizon sauro shekara da shekaru. Waɗannan takardu kashi huɗu suke bi, gabatarwa da hanya da sakamako da tattaunawa, tsarin da ya zama ruwan dare a mujallun likitanci tun shekarun 1970. Wajen farfajiya babu kamarsu. Za su gaya maka sunan ƙauye, da yawan mutanen da aka ɗebi jininsu, da watan da aka ɗiba. Ɗalibin tauhidi ko na tarihi zai ƙaru ƙwarai in ya kwaikwayi wannan tsantseni. Amma wajen ma'anar kalma sukan wuce da gudu. Jimla ɗaya ko biyu a kan asalin mutanen ƙauye, sa'an nan kabila ta zama layi a jadawali, kamar tsawo ko nauyi. Mu kuwa mun sani Hausa riga ce mai faɗi. Buzu ya shiga, Banufe ya shiga, Babarbare ya shiga, jikansu ya tashi Bahaushe. A hanyar Makka ma haka aka yi, gama Hausa ce harshen zango. Wanda yake neman bayanin cuta a cikin jini, wajibi ne ya faɗi abin da ya sa yake tsammani masu harshe ɗaya jininsu ɗaya ne.

'Yan'uwa, wannan matsala ba baƙuwarmu ba ce. Sau nawa muka buɗe takardar bincike muka tarar an fassara Bahaushe da cewa Musulmi ne mai jin Hausa, ko an haɗa Hausa da Fulani da ɗan gajeren layi an mai da su abu guda? Da wannan jimla ɗaya an fitar da Hausawa masu bi na Kano da Katsina da Zariya daga cikin kabilarsu, ko a kira su Maguzawa ko da kakansu ne ya karɓi baftisma. Kalmar Sudan kanta tana bukatar a tsaya a kanta. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya fitar da littafinsa a 1946, a sunan littafin kuma ya kira addininsu na Sudan. Yana nufin tsohuwar ma'anar, wato shimfiɗar ƙasashen baƙar fata da suke kudu da Sahara, ma'anar da take cikin asalin sunayen SIM da SUM. Ɗalibin da ya tsinci wannan suna a intanet yau, in bai yi hankali ba, sai ya kai Maguzawa Hartum.

Yanzu sai mu dubi abin da ake koya wa ɗalibai game da gabatarwa, gama a nan ma Sudan tana da hannu. John Swales, wanda littafinsa na 1990 ya zama madogarar masu koyar da rubutun bincike da Turanci a duniya, ya koyar a Jami'ar Hartum a shekarun 1970. Ya lura cewa gabatarwar takardar bincike takan yi taku uku. Marubuci ya nuna fagen yana da muhimmanci, ya nuna akwai giɓi a cikin abin da aka riga aka yi, sa'an nan ya shiga giɓin. Bayanin daidai ne, yana kuma taimakon mai koyo. Amma Swales ya bayyana abin da ya ga marubuta suna yi ne, mu kuwa muka mai da shi farilla. Tun da an ce sai da giɓi, ɗalibi yakan haƙa shi da kansa, ya rubuta cewa ba wanda ya taɓa bincike a kan wannan batu. A kan Hausawan Sudan, Umar al-Naqar ya buga littafinsa na tarihin hanyar alhazai a Hartum tun 1972, J. S. Birks ya bi da nasa a 1978, ga waɗanda muka ambata a baya, ga abin da aka rubuta da Larabci, ga kuma abin da tsofaffi suke riƙe da shi a ka. Sau da yawa giɓin da ɗalibi ya gani a laburaren makarantarsa yake. Gaskiyar da ta fi sauƙin karewa ita ce ya ce wane ya duba Jazira, ni zan duba Rahad, ko wane ya tambayi maza, ni zan tambayi mata. Wannan ma komawa ce ga farfajiya. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida a ƙauyen Hausawa, ko a Gadarif ko a Gumel, saboda haka in duk waɗanda ya yi hira da su maza ne a zaure, sai ya faɗa, kada ya ce ra'ayin jama'a ya ji.

Game da littafin Kate Turabian, wanda ya fara fitowa a Jami'ar Chicago a 1937, wanda kuma makarantun tauhidi da yawa suke bi wajen tsara bayanin ƙasan shafi, ba ni da dogon zance. A bi shi. Sai dai na ga malamai suna cika gefen takarda da jan biro saboda waƙafi da aya, su wuce jimlar da ta yi wa mutum miliyoyi hukunci ba su ɗiga mata kome ba.

Saura magana guda, ta lokaci, a nan kuwa nahawun Turanci kansa yana da tarko. Hausa tana bambanta sun yi, da suna yi, da sukan yi. Turancin bincike yana son siga guda mai nuna abu kamar kullum haka yake, da ita ake kawo maganar marubutan da suka gabata, da ita kuma ake bayyana al'adar mutane. Ɗalibi Bahaushe yakan zuba suna yi da sukan yi duka a cikinta, har da abin da ya kamata ya zama sun yi. Sa'an nan yakan zubar da ƙananan kalmomin nan masu daidai da waɗansu, da galibi, da mai yiwuwa, yana tsammani alamar rashin ƙarfin hali ce. Ta haka abin da wani ya gani a waɗansu ƙauyuka shekara 40 da suka wuce yakan fito a kundin bana kamar jiya aka gan shi, kamar kuma kowa da kowa ne.

Ɗalibin Gadarif ya fi namu shan wannan wuya. Hausa yake yi a gida, karatunsa kuwa da Larabci, gama tun 1990 gwamnatin Sudan ta juya koyarwar jami'o'i daga Turanci zuwa Larabci, Jami'ar Gadarif kuma a 1994 aka kafa ta, bayan juyin. In yana so duniya ta ji abin da ya sani game da ƙauyensu, sai ya rubuta da harshe na uku, ya kuma kafa hujja da littattafan da suka riga suka raɗa wa kakansa suna. Abin da yake da shi wanda Duffield da Yamba ba su da shi shi ne yana iya tambayar kakarsa a cikin ɗaki.

Wuraren da waɗancan littattafai suka bayyana kuwa ba yadda aka bar su suke ba. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Wad Madani, inda Yamba ya yi aikinsa, ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025. A 2024 faɗan ya shiga jihar Sinnar, inda Mai Wurno take. Dubban ɗaruruwan mutane suka gudu gabas, Gadarif kuma, wadda tun 2020 take ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba, ta cika da waɗanda suka baro Hartum da Jazira da Sinnar, har aka zaunar da su a makarantu.